Hitar sola ko mai kwampreso: wacce ta dace da gida a Oyarifa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tashi daga unguwar Madina na koma gidan da na gina a Oyarifa, a bayan garin Akra. Mu bakwai ne a gidan, banɗaki 3, biyu daga ciki kowanne da hitar lantarki mai tankin lita 50. Tun da muka tare, katin mita ba ya kai mu ƙarshen wata, kuma hitocin nan nake zargi. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, muna tarawa a folitanki, wato babban tankin roba, mai lita 2,000 da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 3, wani lokaci har na tanka muke saya. Yawancinmu da asuba muke wanka. Wani ya ce in sa ta sola, wani ya ce akwai mai kwampreso, ɗana kuma ya ce a sa ƙananan nan da ake maƙalawa a jikin shawa. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a sabon gida. Gida irin naka, mai mutum bakwai kuma mallakinka ne, hitar sola ce ta fi dacewa da shi. Amma kada ka ba kowa kuɗi tukuna, domin yadda tankinka yake zaune a yanzu, in aka ɗora ta a kan rufi ruwa ma ba zai hau cikinta ba. A bayan garin Akra ba rana ce ke ba hitar sola matsala ba, ranar tana nan ta isa. Tsarin ruwan gida ne ke kashe ta.

Mu fara tabbatar da zargin. Ka kashe hitocin biyu daga makunninsu na bango har kwana 7, ka rubuta yunit ɗin da mita ta nuna ranar farko da ranar ƙarshe. Sai ka kunna su wani kwana 7 yadda aka saba, ka sake rubutawa. Yunit za ka duba, ba sidin da ka biya ba, domin a cikin kuɗin kati akwai haraji da kuɗin hidima da ake cirewa, suna rikita lissafi. Bambancin makonnin biyu shi ne abin da ruwan zafi ke ci maka. In ya fito ɗan kaɗan ne, to ɓarawon yana wani wuri, wataƙila tsohuwar firiza ko na'urar sanyaya ɗaki ko famfon tura ruwa, kuma canja hita ba zai sa kati ya daɗe ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ɗaga zafin lita 1 na ruwa da digiri 1 yana cin kusan wat-awa 1.16, yunit 1 kuma wat-awa 1,000 ne. Ruwan da ya kwana a tanki a Akra yakan kasance wajen digiri 27, ruwan wanka mai daɗi kuma wajen digiri 40 ne, tazarar digiri 13 ke nan kawai. Bokitin lita 20 yana buƙatar yunit 0.3. In mutum bakwai kowa ya yi wanka da lita 25, lita 175 ke nan, yunit 2.6 a rana, kusan 80 a wata. Amma in shawa ake sakarwa, mai zubar da lita 8 a minti, kowa ya tsaya minti 8, ruwan ya kai lita 450, wutar ta haura yunit 6.5 a rana, wato kusan 200 a wata. Mutanen ba su ƙaru ba, yadda ake wankan ne ya ninka kuɗin fiye da sau biyu. Ga kuma wadda ake sha ba a sani ba: hita mai tanki da aka bari a kunne dare da rana tana zubar da zafi ta jikinta, tana sake kunna kanta don ta mayar. Kowace ɗaya takan ci daga rabin yunit zuwa yunit 1 a rana ko ba wanda ya taɓa famfo, tsohuwa ta fi haka. Biyu ke nan, yunit 30 zuwa 60 a wata a banza. Kuma tunda farashin wutar da PURC, hukumar daidaita farashin wuta da ruwa, ke yankewa hawa-hawa ne, yunit ɗin da suka tura ka zuwa hawa na sama su ne mafi tsada.

Saboda haka akwai gyara da za ka yi a makon nan ba tare da sayen komai mai tsada ba. A saukar da ma'aunin zafin hitocin zuwa digiri 60, domin da yawa ana barinsu a ƙure. Kada a sauka ƙasa da haka sosai a tankin da ruwa ke kwana, saboda akwai ƙwayar cutar huhu mai suna Legionella da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45, zafin 60 kuma yana kashe ta. A sa wa kowace hita agogon kunnawa da kashewa. Tankin lita 50 daga digiri 27 zuwa 60 yana cin yunit 1.9, wato in ƙarfen zafinta mai kilowat 1.5 ne, awa 1 da minti 20 ya ishe ta. A kunna ƙarfe 3 na dare, a kashe kafin ƙarfe 5, shi ke nan. Sannan ka tara bokitin lita 10 a ƙarƙashin shawa ka duba agogo. In ya cika kafin minti 1, kan shawar nan ɓarna yake yi, a canja shi da mai ba da lita 6 a minti. Sai dai in ruwanka ba shi da ƙarfi, irin waɗannan kawunan sukan koma ɗiga kawai, don haka a gwada ɗaya kafin a sayi uku.

Shawarar ɗanka ba ta banza ba ce. Hitar jikin shawa ba ta ajiye ruwa, don haka ba ta da asarar tsayuwa. Mai kilowat 3.5 tana ɗaga ruwan da ke gudu lita 4 a minti da kusan digiri 12, kuma a yanayinmu hakan ya isa wanka. Minti 10 a ƙarƙashinta kusan yunit 0.6 ne. Matsalarta ƙarfin da take ja lokaci guda: amfiya 15 ga mai kilowat 3.5, amfiya 24 ga mai 5.5. In uku suka kama tare da asuba, babbar birekar gida za ta iya faɗuwa. Kowace tana son layinta daban daga akwatin rarraba wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6 gwargwadon ƙarfinta da nisa, da wayar ƙasa ta gaskiya, da birekar kare rai mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta in ta kama mutum. Tana kuma son ruwa mai ƙarfi kafin ta kama, kuma tankin da ke mita 3 sama da ƙasa bai fi mita 1 ba sama da kan shawa. In an ɗauke wuta, ruwan zafi ya tafi nan take. Ga ɗan haya ko gidan mutum biyu, ita zan ce a saya. Kai, ɗan hayan da ke ɗaki ɗaya a Nima ko Mamobi ma ba ya buƙatarta: lita 3 da rabi na tafasasshen ruwa daga butar lantarki, a sirka a cika bokitin lita 20, ya ba da digiri 40. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ƙarfen nan da ake tsomawa cikin bokiti, musamman a gidan da ke da yara.

Mai kwampreso kuwa firiji ce da aka juya aikinta: tana ɗebo zafi daga iska ta zuba cikin ruwa. A iska mai ɗumi irin tamu, yunit 1 na wuta yakan ba da zafin yunit 3 zuwa 4. Abin da tsohuwar hita ke yi da yunit 6.5, ita za ta yi da kusan 2, ko rana ta fito ko ba ta fito ba, kuma ba ta buƙatar hawa rufi. Amma tana da tsada, tankinta na ruwa mai matsi ne, don haka sai da famfon turawa, kuma kwampreso da allon lantarkinta ba sa son wuta mai hawa da sauka. Dole a sa mata na'urar kariya mai jinkirta kunnawa minti 3 zuwa 5 bayan an dawo da wuta. Tana son wuri mai iska, ba ƙaramin sito a rufe ba, tana fitar da ruwan raɓa da za a ja wa bututu, tana kuma da ƙara kamar na'urar sanyaya ɗaki, kada a kafa ta bayan tagar ɗakin barci. Wanda rufinsa ke cikin inuwar bene ko bishiya, ko mai gidan baƙi da ake wanka a kowane lokaci, ita ce tasa. Wanda ya riga ya shimfiɗa faifan sola na lantarki ma za ta yi masa kyau, ya saita ta ta yi aiki da tsakar rana. Kai da ba ka faɗi ɗaya daga cikin waɗannan ba, ban ga dalilin da zai sa ka ɗauko injin da ke dogara da kamfanin wuta na ECG ba, alhali mun ga abin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya yi wa mutane.

Hitar gas ba zan tsaya a kanta ba. Tukunyar kilo 14.5 takan ba da zafi mai amfani kamar na yunit 150, amma ba a kafa ta cikin banɗaki, domin hayaƙinta marar wari yana kisa a rufaffen wuri.

Yanzu mu dawo kan sola. Wadda aka fi sani tanki ne a kwance a sama, da abin kama zafin rana a ƙasansa. Ba famfo a cikinta. Ruwan da ya yi zafi yana sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro, haka suke zagayawa har rana ta faɗi. Abin kama zafin iri uku ne a kasuwa. Akwai faffaɗan akwati mai fuskar gilashi da bututun tagulla a ciki. Akwai dogayen kwalaben gilashi waɗanda ruwan ke shiga cikinsu kai tsaye, wannan ita ce mafi araha kuma ita ta cika gari. Akwai kuma kwalaben da ruwa ba ya shiga, sai dai wani siririn sandan tagulla a ciki ke kai zafin zuwa tanki.

Ga gidan da ruwa ke yankewa, bambancin nan babba ne. In folitanki ya ƙare, aka ci gaba da jan ruwan zafi har tankin sola ya bushe, kwalbar da ke tsaye cikin rana na iya haura digiri 200. Mai tanka ya zo da azahar ya cika maka tanki, ruwan sanyi ya faɗa cikin gilashi mai wannan zafi, sai ka ji tas. Kuma a irin mai shigar ruwa, kwalba ɗaya in ta fashe duk ruwan tankin ta nan zai tsiyaye, har sai an samo wata an sa. Shi ya sa na fi son ka ɗauki mai faffaɗan akwati, ko mai sandan tagulla. In kuɗi ya tilasta maka mai arahar, to ka sayi kwalabe 2 ko 3 na ajiya tun ranar farko, kuma kowa a gidan ya sani: in ta bushe, a rufe bawul ɗin shigar ruwa, ba a buɗe shi sai da asuba ko bayan isha.

Girma fa? Masu sayarwa sukan ce lita 50 ga kowane mutum, amma wannan lissafin ƙasashen sanyi ne, inda ruwan famfo ke fitowa da digiri 10. A nan, daga ruwa mai digiri 60, kashi 40 cikin 100 kawai kake ɗiba, sauran na sanyi ne. Lita 175 na wankan bokiti na buƙatar lita 70 kacal na mai zafi, lita 450 na shawa kuma wajen 180. Amma ba da ranar Maris ake auna hita ba, da ta Yuli da Agusta ake aunawa, lokacin da gajimare ke rufe Akra kwana da kwanaki. A irin ranakun tanki yakan tsaya wajen digiri 45, kuma a nan kashi 70 cikin 100 za ka ɗiba, lita 200 ba za ta ba ka fiye da lita 280 na wanka ba. Don haka in bokiti ne ko shawa mai tsimi, lita 200 ta wadatar. In ba za a rage shawa ba, ko ana yawan baƙi, ko ana sa ran mai jego da za ta yi kwana arba'in tana neman ruwan zafi safe da yamma, ka ɗauki lita 300. Faɗin abin kama zafi shi ma a duba. Kudancin Gana yakan sami wajen yunit 4.5 zuwa 5 na hasken rana a kowace murabba'in mita a rana, kuma kusan rabi ne ke shiga ruwa. Murabba'in mita 2 zai ɗaga lita 200 da digiri 19 ne kawai, 3 zai ɗaga da 29. A lita 300 a sa akwati biyu, wato wajen murabba'in mita 4. A kwalabe, ƙa'idar kasuwa ita ce kwalba 1 mai tsayin mita 1.8 ga kowace lita 10. Mutanen Kumasi, inda gajimare ya fi yawa kuma safiya ta fi sanyi, su ƙara faɗin, ba tankin ba.

To ga maganar da na fara da ita. Ruwa ba ya hawa sama da inda ya fito. Gindin folitankinka yana mita 3, tankin sola a kan rufin gida mai hawa ɗaya zai kasance wajen mita 4 da rabi zuwa 5. Mafita biyu ce. Ta farko, a ɗaga hasumiyar tanki ta zama hawa biyu: folitanki a sama, gindinsa wajen mita 6, hitar sola a hawa na ƙasa ko a kan rufi, saman tankinta aƙalla mita 1 ƙasa da gindin folitankin, ita kuma mita 2 zuwa 3 sama da kan shawa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin ruwa na bar 1, don haka ruwan ba zai yi ƙarfin na otel ba, amma zai zo ko da wuta ko babu. Ka tuna lita 2,000 tan 2 ne. Ba a ƙara wa tsohon ƙarfe tsayi da walda a ce an gama, sai wanda ya san aikin gini ya duba tushe da kaurin ƙarfen. Ta biyu, a sayi hita mai tankin da ke jure matsi, a sa famfon turawa ya ba gidan duka ruwa. Shawa za ta yi ƙarfi, amma in an ɗauke wuta ruwan zafin yana sama ba ya saukowa.

Abin da ba a yi shi ne haɗa famfon turawa kai tsaye da tankin da ba na matsi ba. Cikinsa siririn ƙarfe ne, zai kumbura, ɗinkinsa ya buɗe. Irin wannan tankin ta ɗan ƙaramin tanki mai ƙwallon rufe ruwa ake cika shi, kuma bututun numfashinsa a buɗe yake zama, ba a toshe shi don an ga yana ɗiga ko yana tururi. Mai matsin kuma dole ya kasance da bawul ɗin sakin matsi da zafi, da bawul mai hana ruwa komawa baya a layin sanyi, kuma bakin bawul ɗin sakin a ja masa bututu zuwa ƙasa inda ba zai zubo wa mutum ba. Wani kuskuren da ya yi yawa: layin sanyi yana kan famfon turawa, layin zafi yana gangarowa da nauyinsa kawai. In aka buɗe famfon da ke haɗa su, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, ruwan sanyi ya bi layin zafi ya koma sama, tankin sola ya yi ta ambaliya a kan rufi, mai wanka kuma yana cewa hita ba ta aiki. Layukan biyu su fito daga matsi ɗaya.

Akwai kuɗin da masu sayarwa ba sa ambata. Tunda kowane banɗaki da hitarsa, babu layin ruwan zafi da ya zagaya gidan, sai an ja sabo. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta cikin silin a sauko daidai inda bakin fitar tsohuwar hita yake, a haɗa a nan, ba sai an fasa tayil ba. Bututun PPR za a yi amfani da shi, mai lamba PN20 ko PN25, wanda ake haɗawa da injin narkewa. PVC na ruwan sanyi yana laushi da zarar an kai digiri 60, ya lanƙwashe, gam ɗinsa ya saki, kuma a cikin silin zai yi hakan. Mita ta farko daga bakin tanki gara ta zama tagulla ko ƙarfe marar tsatsa, domin nan zafi ya fi tsanani. A naɗe layin da soson riƙe zafi, na waje kuma a rufe soson da takardar alminiyam, in ba haka ba rana za ta mayar da shi gari cikin ɗan lokaci. A kuma rage nisa. Bututu mai milimita 25 yana riƙe da fiye da lita 3 a mita 15, mai milimita 20 kuma wajen lita 2, kuma duk wannan sai ya zube da sanyinsa kafin mai zafi ya iso. Ga wanda ke sayen ruwan tanka, a ajiye bokiti a tare shi.

Wajen kafawa, hita mai lita 200 in ta cika takan kai kilo 300, mai lita 300 ta wuce 400. Katakon da aka yi don ɗaukar kwano ba don wannan aka yi shi ba. A zaunar da ƙafafun tanki a saitin bango, ko a kan rufin kankare, ko a hasumiyar. A ɗaure da kusoshi masu goro, ba waya ba, saboda iskar farkon damina, kuma duk ramin da aka huda a kwano ya kasance a kan tudun kwanon da robar toshewa. Fuskarta ta kalli kudu. Akra tana wajen digiri 5 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsakar ka take wucewa, har ma daga Afrilu zuwa Agusta ta ɗan karkata arewa. Don haka faffaɗan akwati karkatar digiri 10 zuwa 15 yake so, daidai yadda ruwan sama zai wanke shi kuma ruwan ciki ya zagaya. Kwalabe suna son wajen 20 zuwa 25. Ƙafafun da ke zuwa cikin kwali sau da yawa na ƙasashen da rana ke kwantawa ne, masu digiri 40 ko fiye, a ce wa mai aikin ya rage su. Kuma a tabbata inuwar folitanki ba ta faɗa mata tsakanin ƙarfe 9 na safe da 3 na yamma.

Tunda asuba ce lokacinku, kaurin rufin tanki ya fi muku komai muhimmanci. Ka nemi mai kumfar riƙe zafi na milimita 50 aƙalla. Ka kuma san wannan: in aka kwashi ruwa da yawa da dare, mai sanyi ne ke shiga ya maye gurbinsa, rana kuma ta riga ta faɗi, sai masu alwala da wankan asuba su tarar da ruwa salam-salam. Nan ƙarfen zafi na lantarki da ke cikin tankin yake da amfani, amma nan ne kuma ake ɓata lissafi. In aka bar shi a kunne, zai dafa tankin cikin dare, rana ta fito ta tarar ba abin da za ta yi, kai kuma kana biyan wuta kamar da. A sa shi a kan agogo, awa 1 kafin kiran sallah, kuma a kashe shi gaba ɗaya a watannin rana. Mai kilowat 1.5 yana ɗaga lita 200 da digiri 6 da rabi a awa, in kuma a tsakiyar tanki yake, rabin sama kawai yake dafawa, ya ɗaga shi da 13. A lokacin gajimare a bar shi ya kai tankin digiri 60 sau ɗaya a mako. Wayarsa mai murabba'in milimita 2.5 cikin bututun kariya, bireka mai amfiya 16, birekar kare rai, ƙafafun ƙarfen kuma a haɗa su da wayar ƙasa. Mai aikin ya nuna maka lasisinsa na Hukumar Makamashi, domin dokar haɗa wayar lantarki ta 2011 ta ce mai lasisi ne kawai zai yi irin wannan aiki.

Ɗaya gefen kuma, a watannin Fabrairu da Maris ruwan sola na iya wuce digiri 80, kuma ba ta da makunnin kashewa. Ruwa mai digiri 60 ma yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, ta yaro da ta tsoho sun fi saurin ƙuna. A sa bawul mai sirka ruwa da kansa a bakin fitar tanki, a saita shi kada ya wuce digiri 50. Wannan ba ado ba ne, kada a bari mai aiki ya cire shi daga lissafi don farashi ya yi sauƙi. In za a rufe gida a yi tafiya, aikin Hajji ko Sallah a gida, a lulluɓe fuskar da tamfol.

Sai ingancin ruwa. Na kamfanin ruwa da ke zuwa ɓangarenku daga Kpong ba shi da matsala sosai. Na tanka kuwa sau da yawa na rijiyar burtsatse ne, kuma a wurare da dama a filin Akra ruwan ƙasa yana da gishiri. Gishiri da zafi in sun haɗu suna huda ƙarfe marar tsatsa na lamba 304, musamman a wajen walda. Ka nemi tanki mai lamba 316, ko mai shafen enamel a ciki tare da sandan magniziyam, wanda aikinsa shi ne ya lalace a madadin tankin. A zaro shi a duba kowace shekara, in ya cinye fiye da rabi a canja. A sa matatar laka kafin hita, a kuma buɗe bakin ƙasa a zubar da abin da ya kwanta sau ɗaya a shekara. Da hunturu ƙura na rufe gilashi, a wanke shi duk mako biyu da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Kwalbar da gindinta mai sheƙin azurfa ya koma fari, iska ta shige ta, a canja.

Don sanin ko cinikin zai biya, ka raba sidin da ka zuba a wata da yunit ɗin da ka samu, ka ninka da bambancin da gwajin kwana 7 ya nuna maka a wata, ka ɗauki kashi 70 zuwa 80 cikin 100 a matsayin abin da sola za ta rage. Sai ka raba jimillar kuɗin aikin da wannan, har da na bututu da hasumiya da lebura, ka ga watannin da za ta mayar maka da kuɗinka. Takardar farashi ta nuna lambar ƙarfen tankin ciki, kaurin kumfa, ko mai matsi ne ko a'a, faɗin abin kama zafi, bawuloli ɗaya-ɗaya, da shekarun garanti a rubuce. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki har kwana 3. A kwanakin nan, da ƙarfen lantarki a kashe, ka auna zafin ruwa da ma'aunin hannu da la'asar, ka hana kowa taɓa layin zafi da dare, ka sake aunawa da asuba daga wuri ɗaya, kafin bawul ɗin sirkawa. Saukar digiri 5 zuwa 8 ba laifi. In ya wuce 10, ko dai rufin tankin ba shi da kyau, ko ruwan yana zagayawa baya cikin dare saboda tankin bai hau sama da abin kama zafi yadda ya kamata ba, ko kuma wani wuri yana yoyo, sai mai aikin ya dawo ya gyara kafin ya karɓi cikon kuɗinsa.